Wane Batir Za Ka Saya Wa Tsohuwar Laftof: Na Kamfani, Na Madadi, Na Kwance, Ko A Sake Wa Tsohon Ƙwayoyi?

Laftof ɗin da ta yi shekara 4 ko 5 ana aiki da ita, batir ne yawanci ke fara gazawa. Wadda a da take kai awa 5, yanzu da ƙyar take yin minti 40. Wata ta nuna saura kashi 35 sai ta ɗauke ɗif. Wata kuma da an zare caja ta mutu nan take. Ba lalaci ba ne, tsufa ne: batirin litiyam na laftof ana sa ran ya yi zagayen caji, wato cika da ƙarewa, sau 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ragu a fili, na MacBook na zamani kuma kamfanin Apple ya ce 1,000. Zafi da yawan zama a cike suna rage wannan adadi.

Amma kada ka sayi komai sai ka auna wanda ke ciki, domin ana yawan sayo sabo a saka, a tarar matsalar tana nan daram.

A Windows, buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Kwamfutar za ta fitar da rahoto ta nuna maka inda ta ajiye shi. Layi biyu ne abin dubawa: Design Capacity, wato ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da Full Charge Capacity, wato abin da yake iya ɗauka yau. Idan na farko 45,000 mWh ne na biyu kuma 18,000, to kashi 40 ne ya rage masa, sauyi ya wajaba. Idan ya haura kashi 80 amma caji ba ya daɗewa, laifin ba na batir ba ne, wani abu ne ke shanye wutar: hasken allo, manhajoji masu aiki a ɓoye, ko fankar da ƙura ta toshe. A Mac, riƙe maɓallin Option ka danna tambarin Apple, ka shiga System Information, sannan Power. A Linux bayanin yana cikin /sys/class/power_supply.

Idan kuwa kwamfutar tana cewa an jona amma ba ta caji, fara gwada wata caja mai kyau. Cajar Dell da HP mai zagayayyen baki tana da siririyar allura a tsakiya wadda ke sanar da kwamfuta ƙarfin cajar. In allurar ta karye ko wayarta ta tsinke daga ciki, kwamfutar na iya kunnuwa amma ta ƙi cajin batir, ko da sabo fil ne.

Hali ɗaya ne ba ya buƙatar awo: kumburi. Idan wurin shafa linzami ya ɗago, ko kibod ya yi tozo, ko murfin ƙasa ya fara buɗewa, iskar gas ce ta taru a cikin ƙwayoyin, wato ƙananan baturan da aka haɗa suka zama batirin. A daina caji, kada a matsa shi don ya koma, kada a huda, a cire shi da wuri.

Lambar batir, ba sunan kwamfuta ba

Kuskuren da ya fi yawa shi ne neman batir da sunan kwamfuta kawai. "HP Pavilion 15" ko "Dell Inspiron 15" suna ne da aka yi shekaru ana liƙa wa kwamfutoci masu batura daban-daban. Abin da ke raba gardama shi ne lambar da ke jikin batirin kansa. A HP za ka ga irin su HT03XL ko HS04, kuma lambar tsakiya tana nuna yawan ƙwayoyi, 03 uku, 04 huɗu. A Dell za ka ga irin WDX0R. A Lenovo ka nemi lambar da ke gaban haruffan FRU. A MacBook akwai tarko na musamman: A1466 lambar kwamfutar ce, MacBook Air mai inci 13, batirinta kuma A1496 ne a samfuran 2013 zuwa 2017. In batirin na ciki ne, gara a kwance murfin a ɗauki hoton takardar jikinsa, da siffarsa, da inda wayarsa ta fito, kafin a yi oda. Batura biyu kan yi kama sosai amma wayar ɗaya ta gaza kaiwa soket, ko ramukan noti su saɓa.

Bayan lamba sai ƙarfin wuta. Kowace ƙwayar litiyam tana bayar da 3.6V zuwa 3.85V gwargwadon irinta. Uku a jere su ne 10.8V ko 11.1V, kuma waɗannan biyun abu ɗaya ne, bambancin lissafi ne kawai, ana iya musanya su. Na zamani masu faɗi sukan nuna 11.4V ko 11.55V. Huɗu a jere kuwa 14.4V ne ko 14.8V zuwa 15.4V, biyu a jere 7.4V zuwa 7.7V. Kada ka tsallaka daga wani rukuni zuwa wani sai in takardar kamfanin ta nuna kwamfutar tana karɓar duka biyun, kamar yadda wasu samfuran HP ke karɓar HS03 mai 31Wh da HS04 mai 41Wh.

Masu talla sun fi son rubuta mAh, ma'aunin yawan caji, domin lambar tana da girma, amma Wh, wato jimillar wutar da batir ke ɗauka, shi ne ma'aunin gaskiya. Lissafin mai sauƙi ne: ninka V da mAh ka raba da 1,000. Batir mai 11.1V da 4,400mAh ya zama kusan 49Wh. Mai 14.8V da 2,800mAh ya zama 41Wh. Mai 7.6V da 6,000mAh kuma 45.6Wh ne, wato duk da mAh ɗinsa ya fi na farkon yawa, bai kai shi ɗaukar wuta ba.

Na kamfani

Batirin da aka saya daga kamfanin kwamfutar ko wakilinsa mai izini shi ne mafi kwanciyar hankali. Ƙwayoyinsa daga manyan masana'antu suke fitowa, irin su Panasonic, LG, Samsung SDI da ATL, an kuma zaɓo waɗanda ƙarfinsu ya yi daidai da juna kafin a haɗa su. Ɗan bod ɗin da ke cikinsa, wanda ke lura da zafi da cika da ƙarewar kowace ƙwaya, yana magana da kwamfutar ba tare da tangarɗa ba. Garanti yawanci shekara 1 ne. Ba wai ba a taɓa samun matsala ba, a 2006 Dell ta janye batura miliyan 4.1 saboda haɗarin gobara. Amma wannan ma hujja ce a kan amfanin saye daga wanda aka sani: in an gano aibi akwai mai ɗaukar nauyi.

Aibinsa biyu ne. Na farko tsada, wadda a kan tsohuwar kwamfuta takan kai wani babban kaso na darajar kwamfutar gaba ɗaya. Na biyu, kuma wanda mutane ba su cika lura da shi ba, kwanan wata. Kamfanoni suna daina ƙera batirin samfuri bayan wasu shekaru, saboda haka "sabon orijina" na kwamfutar da ta shekara 8 wataƙila ya yi shekara 4 a kan kanta. Batirin litiyam yana tsufa ko ba a taɓa shi ba. In ya zauna har ƙwayoyinsa suka sauka ƙasa da 2.5V, lahanin ba ya gyaruwa, wani lokaci ma bod ɗin ya kulle kansa ya ƙi karɓar caji har abada. A nemi ganin ranar ƙerawa. Wanda bai wuce shekara 1 ba shi ne abin so, wanda ya haura 2 a yi taka-tsantsan.

Na madadi, inda zaɓi ya fi wuya

Nan ne mafi yawan masu tsohuwar laftof za su ƙare, kuma nan ne nagari da mugu suke zaune a kanta ɗaya. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, suna ƙera batura masu dacewa da kwamfutocin wasu, suna buga sunansu a jiki, suna ba da garantin wata 12 ko fiye. Irin waɗannan, a ganinmu, su ne zaɓin da ya fi dacewa da kwamfutar da ta haura shekara 5, domin sau da yawa ƙwayoyinsu sun fi na tsohon ajiyar kamfani sabunta.

Sai marasa suna. Ana haɗa su da ƙwayoyin da suka faɗi gwaji a masana'anta, ko waɗanda aka ciro daga matattun batura aka sake musu riga. Mako na farko lafiya lau. Bayan 'yan watanni sai ƙwaya ɗaya ta riga 'yan uwanta gajiya, kuma tunda a jere suke, mafi rauni ita ke yanke hukunci: da ta kai ƙasa bod ɗin zai yanke wuta baki ɗaya, ko da allo yana nuna kashi 30. Wasu kuma an rage musu na'urar jin zafi ko fiyus ɗin kariya, kuma wannan ya wuce maganar asarar kuɗi, ya zama maganar gobara.

Mafi muni shi ne jabu, wato marar suna da aka liƙa wa tambarin Dell ko HP ko Lenovo ana sayar da shi a matsayin orijina. Gara wanda ya fito fili ya ce shi madadi ne. Duk "orijina" da ya zo da araha mai ban mamaki, a ɗauke shi jabu har sai an ga akasin haka.

Akwai hanyoyin tantancewa kafin a biya. Duba ƙarfin da aka yi iƙirari. Tsofaffin batura masu cirewa ta baya ana haɗa su ne da ƙwayoyi masu lamba 18650, kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65, kuma mafi kyawunsu a kusan 3,500mAh suke tsayawa. Batir mai ƙwaya 6, uku a jere layi biyu, ba zai wuce 7,000mAh ba ko da mafi tsadar ƙwayoyi aka yi shi. Na gaskiya yawanci 4,400 zuwa 5,800 ne. In ka ga an rubuta 9,900mAh a kan mai ƙwaya 6, ƙarya ce tsagwaronta, kuma wanda ya yi ƙarya a takarda ba zai yi gaskiya a ciki ba. Nauyi ma shaida ne. Ƙwayar 18650 ta ƙwarai tana da giram 45 zuwa 48, don haka shida da kwanso za su haura giram 300. In sabon ya fi tsohon sauƙi a hannu sosai, akwai abin da aka rage. Tambarin CE ko UL na shaidar cika ƙa'idar aminci a jiki kuwa kada ya ruɗe ka, buga shi ba wuya. Abin da ya fi tambari shi ne mai sayarwa da zai faɗi kamfanin da ya ƙera ƙwayoyin, ya rubuta garanti, ya kuma yarda a mayar masa in ba a gamsu ba.

Wani abin da za a tambaya shi ne ko kwamfutar za ta amince da batirin. Wasu kwamfutoci suna tantance batir kafin su caje shi. Lenovo ta fara haka a jerin ThinkPad T430 da X230: batirin T420 yana shiga ramin T430 daidai, amma ba za ta caje shi ba, sai ta nuna saƙon cewa ba ta san shi ba. Dell ma takan yi gargaɗi a kan batirin da ba ta gane ba. Masu ƙera madadi nagari sun magance wannan, amma a tabbatar an ambaci ainihin samfurin kwamfutarka a jerin waɗanda batirin ke aiki da su.

Idan samfurinka yana da girma biyu, duba abin da babban zai ci. A tsofaffin ThinkPad, mai ƙwaya 9 yana ba da 94Wh maimakon 57Wh na mai ƙwaya 6, amma yana leƙowa ta baya kuma yana ƙara nauyi. A Dell XPS 15 9560, mai 97Wh yana cinye gurbin hadis, wato faifan ajiyar bayanai, mai inci 2.5, saboda haka wanda ke da hadis a wurin sai dai mai 56Wh. Masu ThinkPad T440 zuwa T480 kuma su tuna yawancinsu batir biyu gare su, na ciki da na waje, rahoton Windows zai nuna wanne ne ya gaji.

Na kwance

Batirin da aka ciro daga wata kwamfutar da allonta ko bod ɗinta ya mutu orijina ne, amma shekarunsa ɗaya da naka. Sharaɗinsa guda: a saka shi a kwamfutarka a gabanka, a fitar da rahoto. In ya haura kashi 80 kuma babu alamar kumburi, zai iya riƙe ka shekara ɗaya ko biyu. In ba za a bari a gwada ba, a bar shi.

Sake ƙwayoyi

Wannan yana da jan hankali: a fasa tsohon kwanson, a cire matattun ƙwayoyi, a saka sababbi. Yawanci a kan batura masu 18650 yake yiwuwa, kuma ya fi yadda ake zato wuya. Bod ɗin da ke ciki ba makunni ba ne kawai, yana da ƙwaƙwalwa. Da yawa daga cikinsu, da zarar an yanke musu wuta ko suka ga ƙwaya ta sauka fiye da ƙima, sukan rubuta cewa batirin ya lalace, wasu har su ƙone fiyus da gangan. Bayan nan ko an saka sababbin ƙwayoyi ba zai ba da wuta ba sai an buɗe shi da na'ura ta musamman. Wanda bai kulle ba kuma yana riƙe da tsohon lissafi, sai ya ci gaba da nuna kashi marar kan gado. Ƙwayoyin dole su zama sababbi, iri ɗaya, daga kamfani ɗaya. Haɗinsu da waldar ɗigo ake yi a kan zirin nikel, ba da dalma ba, domin zafin ƙarfen dalma yana lahanta cikin ƙwaya. In mai gyara zai haɗa maka ƙwayoyin kwance kala-kala da dalma, gara ka haƙura. Wannan hanya ta wanda batirin kwamfutarsa ya ɓace daga kasuwa gaba ɗaya ce, kuma a hannun ƙwararre.

Ko a zauna babu sabon batir

Kwamfutar da ba ta barin tebur tana iya aiki da caja kawai. Illar ita ce da wuta ta yanke aikin da ba a adana ba ya tafi, kuma wasu kwamfutoci, musamman MacBook, suna rage gudun furosesa in babu batir. Idan kwamfutar tana caji ta USB-C, fawa-bank mai fitar da 20V a kan 45W ko 65W na iya tsayawa a madadi. Mai 20,000mAh kusan 74Wh ne a takarda, domin da 3.7V na ƙwayoyinsa ake lissafi, abin da zai isa kwamfutar bai kai haka ba saboda asara wajen sauya wuta. A tabbatar dai ramin USB-C ɗin yana karɓar caji, don ba kowanne ba ne.

Shin kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Duba sauran jikin kwamfutar. In maratayin murfi ya karye, allo yana da layi, tana kashe kanta saboda zafi, batir mai tsada ba zai cece ta ba. Duba manhaja ma: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 tana neman TPM 2.0, wato na'urar tsaro da ke cikin kwamfuta, da furosesan Intel na ƙarni na 8 zuwa sama ko makamancinsa. Kwamfutar da ta cika wannan sharaɗi tana da sauran shekaru a gaba, ta cancanci na kamfani in an samu mai sabon kwanan wata. Wadda ba ta cika ba amma tana aiki lafiya, ko za a mayar da ita Linux, madadi mai suna ya ishe ta. Marar suna kuwa ba mu ga kwamfutar da ta cancance shi ba, domin kuɗin da aka rage bai kai haɗarin da aka ɗauko ba.

Wahalar sakawa ma tana cikin lissafi. Mai cirewa ta baya minti ɗaya ne. Na ciki mai noti aiki ne da mai natsuwa zai iya: sukundireba PH0 ko PH00, wani lokaci Torx T5, na MacBook kuma P5 mai kusurwa biyar, da ɗan lebur ɗin roba na ɓanɓare murfi. A sauke caji ƙasa da kashi 25 tukuna, domin batir mai ƙarancin caji bai cika kamawa da wuta ba in aka yi kuskuren huda shi. A kashe kwamfutar gaba ɗaya, a zare caja. A ThinkPad akwai wurin kashe batirin ciki a BIOS, wato saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, a yi amfani da shi. Wayar batir ita ce farkon abin cirewa, a ja ta kan soket ɗin, ba ta wayoyin ba, kuma da roba, ba da ƙarfe ba. A jera notin yadda aka ciro su, domin dogon noti a gajeren rami yana iya huda batir ko bod. Batirin da aka manne da gam, kamar na MacBook Pro Retina tun daga 2012, wani aiki ne daban: ana sassauta gam ɗin da sinadarin aisofurofil mai kashi 90 ko sama, a bi da katin roba a hankali ba tare da lanƙwasa ƙwayoyin ba. Wanda bai taɓa yi ba ya kai wa mai gyara.

Bayan an saka, a gwada shi tun lokacin mayarwa bai wuce ba. A cika shi zuwa 100, a yi aiki da shi har kwamfutar ta kashe kanta, a sake cikawa ba tare da katsewa ba, don bod ɗin ya daidaita lissafinsa. Sai a sake fitar da rahoto. Amma rahoton kaɗai bai isa ba, domin abin da bod ɗin batir ya faɗa shi Windows ke rubutawa, kuma ana iya tsara na jabu ya faɗi ƙarya. Agogo ne shaida. Kwamfutar da ke shan kusan 10W a aiki marar nauyi, batir mai 45Wh ya kamata ya riƙe ta awa 4 zuwa 4 da rabi. In ya mutu a awa 2, ainihin ƙarfinsa bai wuce 20Wh ba. A lura da yadda kashin ke sauka, musamman daga 40 zuwa ƙasa: faɗuwar farat ɗaya alama ce ta ƙwayoyin da ba su daidaita ba. Zafi fiye da kima lokacin caji ma dalili ne na mayarwa.

Wanda ya ci gwaji, a taimaka masa ya daɗe. In kwamfutar ta fi zama a jone, a taƙaita caji zuwa kashi 80 ko ƙasa ta Lenovo Vantage, MyASUS, Dell Power Manager, ko saitin BIOS na HP, a kuma daina ɗora ta a kan katifa inda ramukan iska ke toshewa. Tsohon batirin kada a jefa shi a shara ko wuta. A rufe bakinsa da salatif, a ajiye shi nesa da abin da ke kamawa, a kai shi wurin da ake karɓar matattun batura.